Kofin Farko daga Hannun Manya: Nazari kan Dalilan Shan Giya Tsakanin Matasan Koriya ta Kudu

Gabatarwa

Koriya ta Kudu ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 51, wadda duniya ta sani da ƙera motoci da wayoyi da jiragen ruwa, da kuma tsananin himmar da iyaye suke yi a kan karatun 'ya'yansu, amma kuma tana cikin ƙasashen da giya ta samu wurin zama a tsakiyar harkokin yau da kullum, tun daga cin abincin dare a gida har zuwa liyafar da ma'aikata suke yi da shugabanninsu bayan an tashi daga aiki, wadda ake kira hoesik. Wannan takarda ta duba abubuwan da suke kai ɗaliban sakandare na ƙasar, wato 'yan shekara 13 zuwa 18, ga shan giya tun kafin doka ta yarje musu. Abin da takardar take son kafawa shi ne cewa yaron Koriya da ya ɗauki kofin giya galibi sawun manya yake bi, yana gaggawar shiga sahunsu tun lokacinsa bai yi ba, kuma hannun da ya miƙa masa kofin, a zahiri ko a kaikaice, hannun babba ne: na uba ko kawu a gida, na kamfani a kasuwa, na tauraro a fuskar waya. Bayanin da aka fi yawan ji, cewa matsin karatu da fargabar jarrabawa ne suke tura yaran, yana da nasa rabon na gaskiya, sai dai alƙaluman gwamnatin ƙasar ba su ba shi girman da ake ba shi ba.

Mai karatun da ya tashi a cikin al'ummar da addini ya haramta giya ga babba da yaro baki ɗaya yana bukatar ya riƙe wani bambanci tun daga farko. A Koriya tambayar da akasarin mutane suke yi game da giya ita ce yaushe za a fara da kuma yadda za a sha, domin batun halacci ko haramci bai taso musu ba. Ƙidayar jama'a ta 2015 ta nuna cewa kashi 56 cikin ɗari na mutanen ƙasar ba su bin wani addini. Majami'un Kiristoci 'yan Furotesta, waɗanda mabiyansu suka kai kusan kashi 20 cikin ɗari, sun daɗe suna hana giya da taba tun zamanin 'yan mishan, haka kuma ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyar na mabiya addinin Buddha ta yi hani da abin da ke gusar da hankali, amma waɗannan hane-hane ba su taɓa zama ma'aunin da ƙasa take bi ba. Saboda haka abin da ya raba yaro da kwalba shekaru ne kawai, kuma yaron ya san cewa duk wanda yake hana shi yau, shi ne zai zuba masa gobe.

Iyakar da doka ta shata da abin da alƙaluma suka nuna

Dokar Kare Matasa, wadda aka kafa a 1997, ta sanya giya da taba cikin abubuwan da suke cutar da matasa, ta kuma hana a sayar da su ga wanda bai kai shekara 19 ba. Sai dai lissafin shekarun yana da wata siga ta musamman, domin dokar tana ɗaukar mutum ya fita daga sahun yara tun daga ranar 1 ga Janairu ta shekarar da zai cika 19, ko da kuwa ranar haihuwarsa tana can ƙarshen Disamba, kuma ko da gwamnati ta daidaita lissafin shekarun 'yan ƙasa da na sauran duniya a watan Yuni na 2023, ta bar wannan ƙa'ida yadda take. Sakamakon haka shi ne duk waɗanda aka haifa a shekara guda suna samun izini a dare guda, kuma da yake shekarar karatu a Koriya tana farawa a watan Maris ta ƙare a Fabrairu, izinin yana zuwa ne alhali da yawansu ba su karɓi takardar kammala sakandare ba. A daren 31 ga Disamba, a unguwanni irin su Hongdae da ke birnin Seoul, akan ga samari da 'yan mata cikin manyan rigunan sanyi sun yi layi a ƙofar mashaya, kowa da katin shaidar ɗan ƙasa a hannu, suna jiran ƙarfe goma sha biyu ta buga a duba katinsu a bar su su shiga. Ƙannensu da ke ajin baya suna kallon hotunan wannan dare a waya, kuma darasin da suke ɗauka a bayyane yake, wato giya ita ce shaidar farko ta cewa mutum ya girma.

Babban ma'aunin da ake dogara da shi a wannan fage shi ne binciken halayyar lafiyar matasa da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Koriya take gudanarwa tare da Ma'aikatar Ilimi a kowace shekara tun daga 2005, inda ɗalibai kimanin 60,000 daga makarantun sakandare 800 suke amsa tambayoyi ba tare da an rubuta sunayensu ba. Binciken yana lissafa ɗalibi cikin masu sha a halin yanzu idan ya sha aƙalla kofi ɗaya a cikin kwana 30 da suka gabata. A 2005 kimanin kashi 27 cikin ɗari ne suka faɗa wannan rukuni, maza da mata kusan kunnen doki. A 2019 adadin ya sauko zuwa kashi 15, a 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu ta kuma taƙaita taruwa, ya faɗi zuwa 10.7, sannan ya sake ɗagawa zuwa 13 a 2022 da aka koma cuɗanya, kafin ya ci gaba da sauka har aka samu kashi 11.8 na maza da 7.5 na mata a 2024. Raguwar ta gaske ce, kuma ta yi daidai da abin da aka gani a Turai da Amurka da Ostareliya a cikin shekaru ashirin ɗin nan. Amma binciken yana da ma'auni na biyu da ba a cika ambatawa ba, wanda yake kira sha mai haɗari, wato namiji ya sha ƙaramin kofin soju, barasar da ta mamaye ƙasar, biyar ko fiye a zama ɗaya, mace kuma uku ko fiye. Kusan rabin ɗaliban da suke sha a halin yanzu suna cikin wannan rukuni, matsakaicin shekarun fara sha kuma ya tsaya a wajen 13. Masu sha sun ragu ƙwarai, amma waɗanda suka rage ɗin ba lasa suke yi ba.

Gida, inda ake miƙa kofin farko

A 2019 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta fara wani bincike na daban, wanda ya ɗauki yara sama da 5,000 'yan ajin ƙarshe na firamare da nufin bin rayuwarsu na tsawon shekara goma. Sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna cewa da aka tambayi waɗanda suka taɓa ɗanɗana giya dalilin da ya sa suka fara, kusan rabinsu sun ce wani babba ne a cikin dangi ya ba su, kimanin ɗaya cikin biyar suka ce sha'awar sanin ɗanɗanonta ce ta ja su, waɗanda kuwa suka ce aboki ne ya tura su ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wannan sakamako ya rushe zaton da aka saba yi na yaro mai laɓewa a bayan makaranta da miyagun abokai, domin ya nuna cewa sau da yawa a falon gida ake shan kofin farko, a gaban iyaye, kuma da yardarsu.

Domin a fahimci yadda uba mai ƙaunar ɗansa zai miƙa masa giya da hannunsa, dole a koma ga koyarwar Konfushiyas da ta tsara zaman jama'a a zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392 ta kuma yi sama da shekara 500 tana mulki. A wannan koyarwa shan giya wani fanni ne na ladabi da ake koya wa na baya. Ƙarami yana karɓar kofi da hannu biyu. Idan zai sha a gaban babba sai ya kau da fuskarsa gefe ya kare kofin da tafin hannu. Idan shi zai zuba wa babba, sai ya riƙe kwalbar da hannun dama ya tallafe shi da na hagu. Ba ya zuba wa kansa, kuma mayar da kofin farko da babba ya miƙo ana ɗaukar sa rashin kunya. Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin Koriyawa, cewa a wurin manya ake koyon shan giya, ma'ana wanda ya fara a gaban mahaifinsa zai koyi kamun kai, wanda kuwa ya fara a cikin tsaransa zai tashi da mummunar ɗabi'ar maye. Uban da ya zuba wa ɗansa ɗan shekara 14 rabin kofi yana ganin tarbiyya yake yi, kuma a idonsa rigakafi ne ya ba shi.

Bukukuwan gargajiya sun ƙara wa wannan fahimta ƙarfi. A lokacin Seollal, wato sabuwar shekara ta lissafin wata, da Chuseok, wato bikin kaka, iyalai sukan shirya teburin abinci da giya domin girmama kakannin da suka rasu, idan an gama kuma sai a raba abin da ke kan teburin a ci a sha, al'adar da ake kira eumbok, ma'ana shan albarka, kuma a nan ne yara da yawa suke fara jin ɗanɗanon giya da sunan karɓar albarkar kakanni. A safiyar ranar 15 ga watan farko na lissafin wata akwai giyar da ake kira gwibalgisul, wadda aka yi imani tana buɗe kunne domin mutum ya ji labarai masu daɗi a tsawon shekara, kuma akan shafa ta a leɓen ƙananan yara. Har bikin balaga na da, gwallye, wanda ake yi wa namiji tsakanin shekara 15 da 20, yana da matakin da ake miƙa wa saurayin kofin giya bayan an ɗaure masa gashi an ɗora masa hular manya.

Imanin cewa farawa a gida yana kare yaro bai samu goyon bayan bincike ba. Wani dogon nazari da Richard Mattick da abokan aikinsa suka yi a Ostareliya, inda suka bi matasa kimanin 1,900 na tsawon shekara shida, wanda mujallar Lancet Public Health ta buga a 2018, bai gano wata kariya da wannan ɗabi'a take bayarwa ba. Hasali ma yaran da iyayensu suka ba su giya sun fi waɗanda ba a ba su ba yiwuwar yin sha mai yawa daga baya, da kuma neman giya daga wasu hannaye. Sannan kamun kan da ake cewa yaro zai koya a wurin manya, su manyan ba su cika nuna shi ba, domin binciken lafiya da abinci na ƙasa ya daɗe yana nuna cewa kusan rabin maza manya na Koriya suna shan kofi bakwai ko fiye a zama ɗaya aƙalla sau ɗaya a wata. Yaron da ya saba ganin mahaifinsa yana dawowa daga hoesik yana tangaɗi, ya kuma ji ana yi wa abin uzuri da cewa larurar aiki ce, ya riga ya koyi yadda manya suke sha tun kafin a zaunar da shi a koya masa riƙon kofi, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kwalba mai launin kore

Abin da masu kare tsohuwar al'ada suke mantawa shi ne giyar da aka gina ladabin a kanta ba ita ce ake sha a yau ba. Giyar da a gida ake haɗa ta daga shinkafa, da wahala, domin wasu ƙididdigaggun ranaku. Dokokin harajin giya da aka shigo da su ƙarƙashin ikon Japan a 1909 da 1916 sun kashe haɗin gida sannu a hankali, sannan a 1965, saboda ƙarancin abinci, gwamnati ta hana amfani da shinkafa wajen yin giya. Daga nan ne soju na masana'anta ya mamaye ƙasar, wato barasar da ake tacewa daga rogo da dankali da sauran kayan sitaci har ƙarfinta ya kai kusan kashi 95 cikin ɗari, sannan a surka ta da ruwa a zuba mata abin zaƙi. Ana sayar da shi a kwalba mai launin kore mai cin mililita 360, wadda take cika ƙaramin kofi bakwai da ɗoriya, kuma kuɗinta a shago kusan won 2,000 ne a kuɗin Koriya. Da yake mafi ƙarancin ladan aiki a 2025 won 10,030 ne a awa ɗaya, ɗalibin da ya yi aikin awa guda a gidan abinci ya samu kuɗin kwalba biyar. Jinro, soju na kamfanin HiteJinro, ya shafe sama da shekara ashirin yana kan gaba a duniya wajen yawan ciniki tsakanin dukkan nau'o'in barasa mai ƙarfi.

Ƙarfin soju ya yi ta raguwa da gangan. Shekaru da dama yana kan kashi 25 cikin ɗari, sai a 1998 aka fito da soju mai suna Chamisul mai kashi 23, a 2006 gasa tsakaninsa da wani soju mai suna Chum Churum ta sauko da shi zuwa wajen 20, a yau kuma manyan nau'o'in suna wajen 16. A 2015 kamfanonin suka fito da soju mai ɗanɗanon 'ya'yan itatuwa, irin su lemo da inabi, mai kashi 13 zuwa 14, wanda ya yi kasuwa sosai tsakanin matasa da mata. Ana iya ɗaukar raguwar ƙarfi a matsayin alheri ga lafiya, amma ga mai farawa akasin haka ne, domin ɗaci da zafin maƙogwaro su ne shingen da jiki yake kafa wa yaro a kurɓin farko, kuma su ne aka cire.

Samun kwalbar ma ba wuya. Ƙasar tana da ƙananan shagunan unguwa sama da 50,000 na kamfanoni irin su CU da GS25 da 7-Eleven, wato kusan shago ɗaya ga kowane mutum dubu, akasarinsu a buɗe dare da rana, kuma babu wata doka ta ƙasa da ta ƙayyade lokacin sayar da giya ko ta keɓe ta ga shaguna na musamman. Soju yana cikin firji ɗaya da lemon kwalba da madara, a shagon da ɗalibi yake shiga ya sayi taliyar kofi bayan ya tashi daga darasin dare, mai jiran shagon kuma sau da yawa ɗalibin jami'a ne da yake aiki shi kaɗai da tsakar dare.

Talla da fuskar waya

Ƙa'idojin da aka kafa ƙarƙashin Dokar Inganta Lafiyar Jama'a ta 1995 sun hana tallar giya mai ƙarfin kashi 17 ko fiye a talabijin da rediyo, wadda ba ta kai haka ba kuma an yarda a tallata ta a talabijin daga ƙarfe goma na dare zuwa bakwai na safe. Idan aka haɗa wannan ƙa'ida da tarihin da aka kawo a sama, za a ga cewa saukowar soju ƙasa da kashi 17 ta buɗe masa ƙofar talabijin, a daidai lokacin da ɗaliban sakandare suke dawowa gida. Fuskokin da ake tallar da su ma ba a banza aka zaɓe su ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da jarumar fim Lee Young-ae ta yi wa Chamisul talla, kamfanonin suka koma ga mata matasa masu farin jini: Lee Hyori ta yi wa Chum Churum shekaru, Jennie ta ƙungiyar Blackpink ta biyo baya a 2021, mawaƙiya IU kuma, wadda ake yi wa laƙabi da ƙanwar ƙasa saboda ta yi suna tun tana ƙarama, ta zama fuskar Chamisul a 2014 tana ɗiyar shekara 21. Masoyan waɗannan taurari da yawansu 'yan sakandare ne. A 2015 wani kwamitin majalisar dokoki ya amince da ƙudurin hana waɗanda ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba fitowa a tallar giya, bayan ce-ce-ku-cen da tallar IU da ta 'yar wasan ƙanƙara Kim Yuna suka jawo, amma ƙudurin bai zama doka ba.

Abin da ya fi talla tasiri a yanzu shi ne abin da ba a kira shi talla. Wasannin kwaikwayon Koriya, waɗanda masu kallo a nahiyar Afirka ma suka saba da su, da wuya a gama kashi ɗaya ba a ga jarumi a rumfar bakin titi da kwalba mai launin kore a gabansa ba, yana sha saboda an yaudare shi, ko an kore shi daga aiki, ko ya yi nasara, har ya zama cewa duk wani motsi na zuciya giya ce amsarsa. Sannan ga shirye-shiryen hira da ake kira sulbang, inda taurari suke sha a gaban kyamara suna zance, irin shirin mawaƙiya Lee Young-ji da na Suga na ƙungiyar BTS, waɗanda aka fara a YouTube a 2022, kuma miliyoyin mutane suke kallo ba tare da an tambaye su shekarunsu ba. Ma'aikatar Lafiya ta fitar da jagorar nuna shan giya a kafofin watsa labarai a 2017, ta kuma ƙara mata sharuɗɗa biyu a watan Nuwamba na 2023 domin ta shafi intanet, amma jagorar shawara ce kawai, babu hukunci a kan wanda ya ƙi bi.

Makaranta, jarrabawa da tsara

Ba a musun cewa ɗalibin Koriya yana cikin matsi. Jarrabawar shiga jami'a, suneung, wadda aka fara a 1993, ana yin ta ne a rana ɗaya ta Alhamis a watan Nuwamba, kuma girmanta ya kai a dakatar da tashi da saukar jiragen sama na kimanin rabin awa yayin gwajin sauraron Ingilishi. Iyaye sun kashe won tiriliyan 29.2 a 2024 a kan darasin bayan makaranta, akasari a cibiyoyin kuɗi da ake kira hagwon, waɗanda a Seoul sai da doka ta tilasta musu rufewa da ƙarfe goma na dare. Tun daga 2011 kashe kai shi ne kan gaba cikin dalilan mutuwar masu shekara 9 zuwa 24, kuma yaron da ke fama da ƙuncin zuciya idan ya haɗa da giya, haɗarin da yake ciki ya ninka. Akwai ma wata ɗabi'a da ta yi tashe a tsakanin ɗalibai, baegilju, wato shan giya idan ya rage kwana 100 a yi suneung da sunan neman sa'a.

Duk da haka, matsin karatu ba zai iya zama babban dalili ba, saboda hujjoji uku da suka fito daga alƙaluman gwamnati. A shekarun da kuɗin darasin bayan makaranta yake ta hauhawa, a cikinsu ne shan giyar ɗalibai ya ragu da fiye da rabi. 'Yan mata sun fi maza bayyana cewa suna cikin damuwa da ƙuncin zuciya a kowace shekara ta binciken, amma maza sun fi su yawan masu sha. Ɗaliban makarantun koyon sana'a kuma, waɗanda ba su ne a tsakiyar gasar suneung ba, sun fi na makarantun share fagen jami'a sha, kuma su ne suka fi shiga aikin wucin gadi, inda suke samun kuɗin kansu suke kuma zama teburi ɗaya da manyan da suke zuba musu bayan an rufe shago. Faɗuwar adadin a lokacin korona da ɗagawarsa bayanta sun nuna cewa shan giyar matasa abin taro ne. A cikin taron kuma tsarin girma da ƙanƙanta na manya ne yake aiki, domin ɗalibin da ke aji na gaba, seonbae, yana da irin ikon da shugaban ofis yake da shi a kan na ƙasa da shi, hubae, kuma yaron da aka koya wa a gida cewa ba a mayar da kofin babba ba zai iya mayar da na seonbae ba. A nan ladabin da aka so ya zama kariya ya koma ƙofar da ake shigo masa ta ciki.

Akwai wani al'amari na jiki da ya sa wannan tilas ya fi muni a gabashin Asiya. Kimanin kashi 30 cikin ɗari na Koriyawa sun gaji wani sauyi a ƙwayar halittar da ake kira ALDH2, wanda yake hana hanta saurin narkar da asetaldehaid, wato gubar da barasa take komawa a cikin jiki, shi ya sa fuskarsu take yin ja zuciyarsu ta riƙa bugawa da sun sha kaɗan. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan guba cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, kuma mai wannan gado da ya dage da sha yana cikin babban haɗarin kamuwa da ciwon dajin maƙoshi. Abin takaici, a teburin sha akan ce wa irin wannan yaro zai saba idan ya daure.

Wanda doka ta kama da wanda ta bari

Dokar Kare Matasa ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tarar da za ta iya kai won miliyan 20 ga wanda ya sayar wa yaro giya, gidan abinci kuma ana iya dakatar da shi daga kasuwanci, amma yaron da ya saya ya sha babu hukunci a kansa. Wannan tsari ya ɗora kusan dukkan nauyin a kan mai shago, har aka riƙa samun ƙorafin cewa wasu yara suna shiga da katin jabu ko na yayyensu, su ci su sha, sannan su yi barazanar kai ƙara idan aka nemi su biya. A 2024 gwamnati ta saurari masu ƙananan sana'o'i, ta rage dakatarwar farko daga wata biyu zuwa kwana bakwai, ta kuma sauƙaƙa yafewa ga wanda ya nuna cewa ya duba kati aka yaudare shi. Gyaran ya yi wa masu shago adalci, amma bai taɓa ko ɗaya daga cikin hanyoyin da giya take isa ga yaro ba. Sabuwar hanya ma ta ɓullo, wadda matasa suke kira daelgu, inda wani babba yake tallata kansa a kafofin sada zumunta cewa zai sayo wa yaro giya ko taba a biya shi lada, abin da yake haɗa 'yan mata ƙanana da mazan da ba su sani ba. Sannan yaran da suka bar makaranta, waɗanda su ne suka fi kusa da duk waɗannan haɗura, babban binciken shekara-shekara ba ya ƙirga su, domin a cikin aji ake cike shi.

Gwamnatin Koriya ta san makamin da yake aiki, domin ta gwada shi a kan taba. A watan Janairu na 2015 ta ɗaga kuɗin kwalin sigari daga won 2,500 zuwa 4,500, kuma adadin ɗalibai masu shan taba ya sauko daga kashi 9.2 cikin ɗari a 2014 zuwa 6.3 a 2016. Taba tana ɗauke da wani haraji na musamman da ake zubawa a asusun inganta lafiyar jama'a, giya kuwa ba ta da shi. A farkon 2024 ma gwamnati ta sauya yadda ake lissafa harajin barasar da ake yi a cikin gida, abin da ya rage kuɗin soju a bakin masana'anta da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Dalilin wannan bambanci na siyasa ne, domin ana kallon soju a matsayin abin shan talaka, kuma duk lokacin da kuɗinsa ya motsa sai jaridu su ɗauka ma'aikatun kuɗi su shiga lallashin kamfanoni, ta yadda babu jam'iyyar da take son a ce a zamaninta ne kwalbar ta fi ƙarfin leburan da ya tashi daga aiki, ko da kuwa farashin da aka riƙe domin leburan shi ne ɗan shekara 15 yake biya.